Matsalar Gaggawa Lokacin Tashin Ƙaramin Jirgi: Tambayoyi da Amsoshi

An tsara waɗannan amsoshi ne saboda ɗaliban tuƙin jirgi, da masu lasisin da suka kwana biyu ba su yi atisaye ba, da mai zama a kujerar dama da ke son fahimtar abin da matuƙi yake yi. Lambobin gudu da za ka gani na Cessna 172S ne, mai inji ɗaya da kujeru huɗu. Ana auna gudu da not, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa, tsayi kuma da ƙafa. Kowane jirgi da littafinsa. Duk inda lambarmu ta saɓa da ta littafin jirginka, ta littafin za ka bi.

Me ya sa ake jin tsoron matsalar lokacin tashi fiye da wadda ta faru a can sama?

Saboda duk abin da matuƙi ke fita da shi daga matsala, a wannan lokacin ne ya fi ƙaranci. Tsayi kaɗan ne, gudu kaɗan ne, hancin jirgi na kallon sama, tankuna cike suke, inji kuma na aiki iya ƙarfinsa. Idan inji ya mutu, 172 tana yin gaba kusan ƙafa 9 a duk ƙafa ɗaya da ta sauko. A tsayin ƙafa 5,000 wannan ya ba ka mintuna na tunani, ka buɗe jerin dubawa, ka yi magana da hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage, ka zaɓi fili. A ƙafa 300 abin da ya rage maka bai kai rabin minti ba, kuma daƙiƙu uku zuwa huɗu na farko suna tafiya ne wajen yarda cewa abin da gaske yake faruwa. Ba a tsara dabara a cikin wannan ɗan lokaci. Abin da ka riga ka yanke tun kana ƙasa, shi hannunka zai yi.

To me ya kamata in yanke tun ina ƙasa?

Kafin ka hau titin tashi, ka faɗa da bakinka, ko da kai kaɗai ne a jirgin: wane titi ne, tsawonsa nawa, iska daga ina take, a wane gudu zan ɗaga hanci, a wace alama zan fasa idan gudu bai kai ba. Sannan matakai uku. In matsala ta zo ina kan tayoyi, zan rufe totur in taka birki. In ta zo na tashi amma da sauran titi a gabana, zan dusar da hanci in sauka a kansa. In titi ya ƙare kuma ban kai tsayi kaza ba, zan sauka a gabana, ba zan karkata fiye da digiri 30 hagu ko dama ba. Tsayin nan ka ambace shi da lambar da agogon tsayi zai nuna, ba da tsayi daga ƙasa ba. Filin jirgin Kano yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku, don haka ƙafa 1,000 daga ƙasa a agogo 2,560 ne. Lokacin ruɗewa ba lokacin haɗa lissafi ba ne.

Idan ku biyu ne masu tuƙi, a faɗi wanda zai riƙe jirgin in abu ya faru. Kuma ka san abin da ke bayan ƙarshen titin. Hoton tauraron ɗan'adam a waya ya isa ya nuna maka inda gonaki suke, inda unguwa take, da inda manyan wayoyin lantarki suka ratsa.

Waɗanne abubuwa ne suka fi kashe inji a wannan lokaci, kuma ana iya gano su kafin a tashi?

Mai ne kan gaba. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, ya taru daga raɓar da ke cikin tankin da ba a cika ba ko daga murfin da robarsa ta tsufa ruwan damina ya shiga. Jirgin zai kunnu lafiya, ya yi tafiyarsa a ƙasa, sai an ɗaga hanci ruwan ya gangaro inji. 172S tana da wuraren tsiyaye mai guda 13, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin jiki. A tsiyaye dukkansu, a ɗaga kofin a duba da haske. Man 100LL, wato fetur ɗin irin waɗannan jirage, shuɗi ne. In ka ga abu fari tas, kada ka ce mai ne mai tsabta, wataƙila ruwa ne zalla, ka sunsuna. Man Jet A-1, na jiragen jet, da aka zuba bisa kuskure shi ma haka yake yaudara: injin fistin zai ɗan yi aiki da ragowar man kirki da ke cikin bututu, ya lalace daidai lokacin da aka ba shi wuta duka. Ɗiga shi a farar takarda, 100LL zai bushe ba tabo, Jet A-1 zai bar maiƙo.

Sai mazaɓin tanki. A 172 ana tashi yana kan duka biyun. A jirage masu fiffike a ƙasa irin Piper PA-28 babu wannan zaɓi, hagu ne ko dama, kuma ana kunna famfon mai na lantarki lokacin tashi. Kada ka canza tanki dab da tashi. Canza shi kafin gwajin inji, domin in akwai matsala a wannan layin ta bayyana kana ƙasa.

Gwajin maganeto ba al'ada ba ce kawai. Kowace silinda tana da fulogi biyu, kowanne da maganetonsa, wato na'urar da ke ba fulogi wuta. Idan ka bar inji kan guda ɗaya juyinsa zai ɗan ragu, littafi ya faɗi iyakar raguwar da bambancin da ke tsakanin biyun. Raguwa mai yawa da kakkarwa yawanci fulogi ne ya yi datti. Rashin raguwa sam shi ma laifi ne, yana nufin makullin bai kashe maganeton ba. Jirage masu kafireto, kamar tsofaffin 172, suna iya yin ƙanƙara a maƙogwaron kafireto ko da ana zafi, domin iska na yin sanyi ƙwarai a wurin. Safiyar damina mai laima, bayan doguwar jira inji na juyawa a hankali, ita ce lokacinta. A ja zafin kafireto a gwada, a mayar da shi sanyi kafin a tashi.

Na ba da wuta jirgi ya fara gudu. Me zan duba?

Abu uku cikin daƙiƙun farko, hannunka kuma na kan totur bai sauka ba. Juyin inji ya kai yadda ya kamata, a 172S tsakanin 2,300 da 2,400 a minti lokacin da jirgin bai yi gudu ba tukuna. Matsin baƙin mai da zafinsa suna cikin kore. Allurar gudu ta motsa tana hawa. Ɗaya ya ƙi, ka fasa nan take, tun gudu bai yi yawa ba.

Akwai kuma ƙa'idar 50 da 70: in ka kai rabin titi ba ka sami kashi 70 cikin 100 na gudun ɗaga hanci ba, ka fasa. Ana ɗaga hancin 172S a not 55, kashi 70 ɗinsa kusan not 39 ne. Wannan ƙa'ida ta fi amfani a gajeren titi. A titi mai tsawon kilomita uku rabinsa ya yi nisa da yawa, don haka ka lissafa tazarar da littafi ya ce jirgin zai bar ƙasa, ka nemi alama a wurin, mahaɗar hanya ko safar iska. In ka wuce ta sosai kana nan a ƙasa, wani abu ba daidai yake ba, ko da kuwa agogunan duka suna nuna lafiya.

Yaya ake fasa tashi ba tare da jirgin ya ƙwace ba?

Totur baya gaba ɗaya, wannan ne farko. Mutane kan taka birki inji na ja, su yi ta mamakin yadda jirgi ya ƙi tsayawa. Ka riƙe tsakiyar titi da fedojin jela, waɗanda ake takawa don juya hanci hagu ko dama, ka taka birki biyun daidai da ƙarfi amma kada taya ta kulle, domin tayar da ke jan ƙasa ba ta tsayar da jirgi da kyau kuma tana iya fashewa. Ka ja sitiyari baya don nauyi ya zauna kan manyan tayoyi, ka janye fulaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa don tashi ko sauka a ƙaramin gudu, in ka sa shi. In ka ga lallai za ka wuce ƙarshen titi, ja mariƙin haɗin mai da iska, mai jan launi (jan mariƙi), zuwa kashewa, kashe maganeto, kashe masta, wato babban makunnin lantarki. Fita daga titi da gudun not 15 yawanci asarar taya ce da farfela. Tilasta wa jirgi mara lafiya ya tashi don gudun wannan asara ita ce ke kai mutane kabari.

In taya ta fashe, jirgin zai ja gefenta. Feda da birkin ɗaya gefen, sitiyari kuma a karkata shi don a rage wa mai faci nauyi.

Inji ya mutu bayan na bar ƙasa. Mene ne abu na farko?

Tura hanci ƙasa. Nan take, kuma sosai. Babu abin da ya riga wannan, ba rediyo ba, ba neman dalili ba, ba neman fili ba.

Ga dalili. Kana hawa da not 74, hanci a sama. Abin da ke riƙe da wannan gudu shi ne jan farfela. Da ya ɗauke, in hanci ya tsaya inda yake, gudu zai zube cikin daƙiƙu kaɗan zuwa not 48, inda fiffike ke daina ɗaukar jirgin in babu fulaf. Wannan shi ne sitol. In kana hawa da not 62 don tsallake bishiyoyi, ratar da ke tsakaninka da shi ta fi haka ƙanƙanta, turawar kuma dole ta fi sauri. Littafin 172S ya ce a riƙe not 70 babu fulaf, ko 65 da fulaf. Don ka samu haka, hanci sai ya sauko ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa, gilashin gabanka ya cika da gonaki da rufin gidaje. Jikinka zai ɗan yi sauƙi a kujera, ranka kuma zai ce ka ja baya domin ƙasa na matsowa. Wannan jan shi ne abin da ake horar da matuƙi ya ƙi yi. Jirgin da ya iso ƙasa fiffikensa na aiki, yana kwance daidai, a hankali, mutanen cikinsa galibi suna fita. Wanda ya yi sitol a ƙafa 200 yana zuwa ne da hanci ko da gefe, kuma babu tsayin da za a gyara shi.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: lokacin hawa kana taka fedar dama don hana jirgi karkata hagu. Da inji ya mutu wannan karkata ta tafi, in ƙafarka na nan a kan fedar, kai ne za ka karkatar da shi. Saki, ƙwallon da ke allon agoguna, mai nuna ko jirgi na zamewa gefe, ya dawo tsakiya.

Bayan gudu ya zauna: zaɓi wurin sauka a gabanka, jan mariƙi a kashe, a rufe mai, maganeto a kashe, fulaf yadda ake buƙata, sannan masta. Masta na zuwa bayan fulaf ne saboda fulaf ɗin 172 da lantarki yake aiki. A cire sakatar ƙofofi kafin a taɓa ƙasa, don kada jiki ya lanƙwashe su ƙi buɗuwa. In lokaci bai isa duk wannan ba, a bar su, a tuƙa jirgin.

In babu fili mai kyau a gabana fa?

Ba fili mai kyau kake nema ba, wurin da za ka rage gudu a hankali kake nema. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta nuna cewa jirgin da ke gudun mil 50 a awa yana iya tsayawa cikin kusan ƙafa 9.4 da matsin da bai wuce ninki 9 na nauyin jiki ba, wanda aka gina kujeru da bel su jure. A mil 100 a awa sai ƙafa 37.6. Gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ya ninka huɗu. Shi ya sa fulaf duka da fuskantar iska suka fi kyawun fili muhimmanci.

Gonar gero ko dawa da ta yi tsayi tana tare jirgi da kyau. In gonar kunya ce, bi tsawon kunyoyin, kada ka ratsa su, tayar gaba za ta kafe jirgi ya kife. Fadama da damina ma haka take yi, sai a riƙe hanci sama iya yiwuwa. In bishiyoyi ne ba makawa, nufi tsakanin biyu, fukafukai su sha karon, ɗakin mutane ya wuce. Kwalta tana jan ido amma tana da turakun lantarki, da wayoyin da ba a gani sai an zo kansu, da motoci da mutane. Ci gaba da tuƙi har jirgin ya tsaya cak.

Titin yana nan bayana. Me zai hana in juyo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace cin rai, kuma sunan da matuƙa suka ba wannan juyi, wato juyin da ba ya yiwuwa, ba a banza aka sa shi ba.

Ga lissafin da FAA ke koyarwa da shi. Inji ya mutu a ƙafa 300. Daƙiƙa 4 sun tafi kafin ka motsa. Ka fara juyi na digiri 3 a daƙiƙa da gudun not 65. Juyin digiri 180 zai ci minti ɗaya, kuma ba zai dawo da kai kan titi ba, zai ajiye ka ƙafa 4,200 a gefensa. Sai ka ƙara digiri 45 don ka nufo shi, jimla 225, daƙiƙa 75 ke nan, da huɗun farko 79. Jirgi na saukowa kusan ƙafa 1,000 a minti cikin juyi, ka zubar da ƙafa 1,316. Kai kuwa 300 gare ka.

Mai wayo zai ce to a kwantar da jirgin sosai a gajarta juyin. Gaskiya ne juyin zai gajarta, amma gudun sitol yana hawa da kwanciyar fiffike: a digiri 45 yana ƙaruwa da kashi 19 cikin 100, not 48 ya zama 57. A digiri 60 ƙarin kashi 41 ne, ya zama 68, wato kusan gudun da kake saukowa da shi. Yanzu ka haɗa da abin da matuƙi a tsorace ke yi. Ya ga ƙasa kusa, yana jin tsoron ƙara kwantar da fiffike, sai ya taka fedar ciki don hanci ya juyo da sauri. Hanci ya faɗi, ya ja sitiyari. Fiffiken ciki ya riga na waje yin sitol, jirgin ya birkice ya shiga juyin katantanwa. Kusan haka labarin yake a mafi yawan rahotannin irin wannan haɗari.

Ko ka yi nasarar juyowa, iska ta koma bayanka. Da iskar not 10, mai sauka gaba da not 50 a agogo yana taɓa ƙasa da 40, mai juyowa da 60. Ƙarfin karonsa ya haura ninki biyu. Ga kuma jirgin da wataƙila aka ba izinin tashi a bayanka.

Ke nan babu tsayin da juyowa ke halatta?

Akwai, amma ba lamba ɗaya ba ce ga kowa. Ta danganta da jirgi, nauyi, zafi, iska, tsawon titi da hannun matuƙi. Ana gano ta ne tare da malami a tsayi mai aminci, kamar ƙafa 3,000 daga ƙasa: a hau da gudun hawa, a rufe totur, a ƙirga daƙiƙa huɗu ba a taɓa komai ba, a dusar da hanci, a juya da kwanciyar digiri 45 ƙwallo a tsakiya har digiri 270, a ga ƙafa nawa suka tafi. A maimaita, a ɗauki mafi muni, a ƙara rata mai kauri a kai. Malamai da yawa ba sa barin ɗalibi ya yi tunanin juyowa ƙasa da ƙafa 1,000. Kuma tsayi kaɗai bai isa ba. Ranar zafi da kaya, jirgi na hawa a hankali, kafin ya kai ƙafa 1,000 ya yi nisan da ba zai iya dawowa ba. In za a juya, a juya ta gefen da iska ke fitowa, kuma a tuna ba dole sai titin da aka tashi ba. Hanyar tafiyar jirage a ƙasa, ko ciyawar cikin filin, duk wurin sauka ne. Shawararmu ga wanda bai taɓa gwada wannan da malami ba ita ce ya cire shi daga lissafinsa.

Inji bai mutu ba, amma yana tari, ƙarfinsa ya ragu. Wannan ai da sauƙi?

Alƙaluma sun nuna akasin haka. Hukumar binciken haɗurra ta Ostireliya, ATSB, ta duba shekarun 2000 zuwa 2010 ta sami raguwar ƙarfin inji bayan tashi sau 242 a jirage masu inji ɗaya, 9 daga ciki an rasa rai. Mutuwar inji gaba ɗaya sau 75 ce, kuma babu wadda aka rasa rai a cikinta. Injin da ya mutu ya yanke maka shawara. Wanda ke tari yana sa maka rai, kana kallon agogo kana jira ya warware, gudu na zubewa ba ka lura ba.

Matakin farko ɗaya ne, dusar da hanci ka riƙe gudu. Sai dubawa ta sauri: mai na kan tankin da ya dace, famfo a kunne, jan mariƙi a ciki, zafin kafireto a ja, maganeto kan biyun. In ƙanƙara ce, inji zai ƙara tari na ɗan lokaci yayin da take narkewa, kada ka mayar. Sannan tambaya ɗaya: jirgin na riƙe tsayinsa a gudu mai aminci? In a'a, ɗauke shi a matsayin mataccen inji ka sauka gaba, ragowar ƙarfin ka yi amfani da shi ka isa wuri mafi kyau. In e, ka zagayo a hankali da ƙaramar kwanciya, kana bi ta kan wuraren da za a iya sauka, kana sa ran zai ɗauke kowane lokaci. Kada ka rage totur sai ka tabbata za ka isa titi.

Zan yi ƙoƙarin sake tayar da inji?

Ƙasa da 'yan ɗaruruwan ƙafa, a'a. In da tsayi, abin da hannu zai iya taɓawa ba tare da ido ya bar waje ba: canza tanki, famfo, zafin kafireto. In ka taɓa wani abu dab da inji ya mutu, mayar da shi yadda yake.

Yaushe zan kira hasumiya?

Bayan jirgi na hannunka kuma ka san inda za ka. Mayday sau uku, lambar jirgi, abin da ya faru, abin da za ka yi. Ka tsaya kan tashar da kake, ba sai ka koma 121.5, tashar gaggawa, ba, lambar gaggawa ta 7700 da ake sa wa na'urar da ke nuna jirgi a rada kuma sai in da sarari. Mai hasumiya zai iya turo motar kashe gobara, amma ba zai iya riƙe maka gudu ba.

Ƙofa ta buɗe, ko kujera ta zame, ko agogon gudu ya ƙi aiki?

Ƙofar da ta buɗe ƙara ce da iska da takardu na tashi. Jirgin na tashi lafiya, iskar waje ma ba ta barin ƙofar ta buɗe fiye da 'yan inci. Haɗarin shi ne matuƙi ya juya yana kokawa da ita a ƙafa 100. In da titi ka fasa, in babu ka hau, ka zagayo, ka sauka, ka rufe a ƙasa.

Kujera ta fi haɗari. In fil ɗinta bai zauna a ramin dogonta ba, tana zamewa baya lokacin da jirgi ya ɗauki gudu, matuƙi ya tafi da sitiyari a hannu, hanci ya miƙe sama. An sha fitar da umarnin duba waɗannan dogayen a jiragen Cessna. Jijjiga kujerar da ƙarfi kafin ka kunna inji, ta fasinjan gaba ma haka, kuma ka gaya masa kada ya kama sitiyari in tasa ta zame. In ta faru gare ka, saki sitiyarin.

Agogon gudu yakan mutu ne saboda an manta murfin bututunsa, ko zanzaro ya yi ginin laka a ciki, abin da yake iya yi cikin ɗan lokaci ga jirgin da aka ajiye a waje. In ka gani kana ƙasa, fasa. In ka riga ka tashi, wuta duka da matsayin hancin da ka saba za su ba ka gudun da ka saba.

Shirwa da ungulu in sun firgita yawanci ƙasa suke yi, don haka kada ka bi ta ƙarƙashinsu, kuma kada ka yi wata muguwar kaucewa kusa da ƙasa. Bayan karo da tsuntsu, in inji na jijjiga farfela ce ta samu rauni, rage wuta gwargwadon abin da zai riƙe ka ka dawo.

Inji lafiya lau, amma jirgi ya ƙi hawa. Me ke faruwa?

A ƙasashenmu masu zafi, fara zargin iska. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji na samun kaɗan, farfela na kama kaɗan, fiffike ma haka. Lissafinsa: ma'aunin zafin da aka gina littattafai a kai digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa da 2 a duk ƙafa 1,000. Duk digiri ɗaya da aka haura wannan, ƙara ƙafa 120 a kan tsayin filin. A Kano ma'aunin kusan 12 ne, ranar da zafi ya kai 40 a watan Afrilu jirgin zai yi aiki kamar yana ƙafa 4,900. A Jos, mai tsayin kusan ƙafa 4,200, digiri 30 kawai na kai shi wajen 7,000. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000.

Ƙarin nauyi na kashi 10 yana tsawaita tazarar tashi da kusan kashi 20. Busasshiyar ciyawa kashi 20, jiƙaƙƙiya 30. Iskar baya a 172 kashi 10 a duk not 2. Waɗannan ninka juna suke yi. A kan abin da ya fito, a ƙara kashi ɗaya cikin uku, domin lambobin littafi da sabon jirgi da ƙwararren matuƙi aka same su. Sama da ƙafa 3,000 littafin 172S ya ce a rage mai da jan mariƙi har inji ya ba da mafi yawan juyi kafin a saki birki.

Tarkon da ke nan shi ne jirgi na iya barin ƙasa da wuri ya yi ta lilo a tsayin da bai kai faɗin fukafukansa ba, ƙafa 36 a 172, inda kusancin ƙasa ke rage masa jan iska. Ka ja ya ƙi hawa, ka ƙara ja ya ƙara nutsewa. Dusar da hanci kaɗan, bar shi ya tara gudu dab da ƙasa, kuma kada ka janye fulaf a lokacin. In da sauran titi, rufe totur. Mafita ta gaskiya ita ce tashi da sassafe, ko rage kaya, ko rage fasinja. In ka ga guguwa na murɗa ƙura kusa da titi, jira ta wuce. Bayan babban jirgi kuma, saboda murɗaɗɗiyar iskar da fukafukansa ke bari, a jira minti biyu, uku in daga tsakiyar titi za ka fara, kuma kana da ikon ce wa hasumiya kana son titin tun daga farkonsa.

Hayaƙi ko wuta?

Kana ƙasa: tsaya, kashe mai da komai, kowa ya fita. Kana sama kuma wutar inji ce: jan mariƙi a kashe, a rufe mai, a rufe zafin ɗaki, a sauka gaba, kada a sake kunna shi. Warin ƙonewar waya kuwa na lantarki ne, kashe masta. Inji zai ci gaba da aiki domin maganeto ba ya dogara da batir, sai dai rediyo da fulaf sun tafi.

Mai inji biyu ya tsira daga duk wannan?

Bai tsira ba. Ƙaramin jirgi mai inji biyu in ya rasa ɗaya yana asarar kusan kashi 80 cikin 100 na iya hawansa, ranar zafi da cikakken kaya wataƙila ba zai hau ba sam. Ƙasa da jan layin da ke agogon gudu, jela ba ta iya riƙe jan inji ɗaya, jirgin zai mirgina. In inji ya mutu tayoyi na waje kuma ba a kai shuɗin layi, wato gudun da ya fi dacewa da hawa da inji ɗaya, ba, a rufe totur biyun a sauka gaba.

Me zan gaya wa fasinja, kuma me za mu yi bayan jirgi ya tsaya?

Tun a ƙasa ka nuna masa yadda ake ɗaure bel da kwance shi, bel na kafaɗa ya matse domin shi ke hana kai dukan allon agoguna. Nuna masa sakatar ƙofa da inda abin kashe wuta yake. Gaya masa babu hira daga lokacin da aka ba da wuta har ƙafa 1,000, sai dai in ya ga jirgi, tsuntsu ko hayaƙi, kuma ƙafafunsa su nisanci fedoji. Bayan tsayawa kowa ya fita, a bar kaya, a nufi inda iska ke fitowa nesa da jirgin, a hana jama'ar da za su taru matsowa da sigari ko taɓa farfela. A kunna na'urar neman agaji da ke cikin jirgin in ba ta kunna kanta ba. A Najeriya ana sanar da hukumar binciken haɗurra ta NSIB da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, kuma ba a motsa tarkace sai don ceton rai ko kashe wuta.

Sau nawa ya kamata a yi atisayen wannan?

Bayanin kafin tashi, kowane tashi. Turawar hanci kuwa a nemi malami a maimaita ta a sama, daga gudun not 74 da kuma daga 62, har hannu ya riƙa yinta kafin kai ya gama tunani, aƙalla duk 'yan watanni da kuma duk lokacin da aka koma wani samfurin jirgi. A roƙi malamin ya riƙa rage wuta rabi wani lokaci, ba rufewa duka kullum ba, kuma kada ya faɗi lokacin da zai yi. Kusa da ƙasa ba a gwada wannan da kashe mai ko maganeto, da totur kaɗai ake yi, bayan an sanar da hasumiya.